Badukun Da Ya Rasu Shekarar Sarakuna

Madina, Harra ta Yamma
Rajab, 1419

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Zulaiha da ɗalibanka na Katsina. Mu nan sai godiya. Ƙafata ta hagu ce ke kumbura in na daɗe a tsaye. Likita ya ce sukari ne, ya hana ni dabino. A Madina! Na ce masa to, na dawo gida na ci abina.

Kada ka yi mamakin hannun nan, nawa ne. Aishatu matar Sulaiman mai kantin magani a unguwar Sultana ce ta zaunar da ni tun bara tana koya mini boko. Na gaji da ba wa mutane cikina su rubuta. Ƙanwarka Marwa in na ce ta rubuta maka, sai ta juya maganata Larabci, ta yanke rabi, ta ce, "Kalas, shi ke nan, Umma, ya gane."

Labarin cikin Zulaiha ya iso mini, ban yi barci ba don murna da tsoro. Ka hana ta jan ruwa a rijiya. Ka hana ta hawa babur. Ta riƙa zuwa awo, kada ta biye wa masu cewa na fari ba ya son asibiti.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kai sunan mahaifin babanku aka sa maka, shi ya sa bakina bai taɓa kama shi ba, nake ce maka Abba. Ban yi gardama ba, haƙƙinsu ne. Na ce na jira na biyu. Na biyun bai zo ba, sai Zahra da Marwa. 'Ya'yan Zahra kuwa mijinta ya cika su da sunayen gidansu. To ni nawa uban, wanda ya rasu a hanya shekarar da Sarkin ƙasar nan Abdul'aziz ya rasu, har yau ba shi da mai suna a duniya. In Allah ya sa namiji ne, ka mayar mini da shi. Tun da na haife ka ban taɓa roƙonka wani abu ba.

Ka gaishe da surukanka. Ka riƙa rufe ƙirjinka da safe.

Mahaifiyarka,
Ƙaltume

*

Katsina
Sha'aban, 1419

Zuwa ga Umma,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wallahi da na ga rubutunki sai da na zauna. Na nuna wa Zulaiha, ta ce hannunki ya fi nawa tsabta. Muna lafiya. Tana zuwa awo, ungozoma ta ce sai wajen Babbar Salla. Ki bi maganar likita, Umma, dabinon Madina ba zai ƙare ba.

Buƙatarki a kaina take. Har ta sa na shiga ɗakin karatu na makarantarmu na bincika shekarar da kike faɗa mana tun muna yara. Shekarar 1953 ce ta Turawa. Ashe shekara ce mai nauyi. Sarki Abdul'aziz ya rasu a Ɗa'if cikin Nuwamba. Wata mai bi masa Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya rasu. A farkon shekarar Stalin na Rasha ya mutu, haka ma tsohuwar sarauniyar Ingila, kakar wannan ta yanzu. Na ce wa abokan aikina, kakana cikin manya ya tafi. Wani malamin tarihi ya ce zai ba ni littafi mai hotunansu, in aiko miki ki gani.

Sai dai abu ɗaya, kuma ina jin kunyar tambaya. Ban san sunansa ba. A takardunki sunan Malam Sa'idu ne, na kuma san shi riƙonki ya yi. Na tambayi Zahra a waya, ta ce ita ma "Baba" kawai ta sani. Ki rubuto mini shi. Akwai lokaci.

Ɗanki,
Sabiru

*

Madina
Ramadan, 1419

Abba,

Barka da shan ruwa. Ina yi wa Zulaiha addu'a a Harami duk ranar da ƙafa ta bar ni na je. Kada ta ce sai ta yi azumi da cikin nan, Allah ya yafe mata. Ni lafiya, sai jiri da la'asar.

Na karanta sunayen mutanenka. Aishatu ta taya ni da na Rasha, ya ƙi bakina. Ka bar littafin hotunan a wurin mai shi. Waɗannan duk an san inda suka kwanta. Ka ce kakanka cikin manya ya tafi, to bari in faɗa maka yadda ya tafi, tunda yau ba mai yanke mini magana.

Baduku ne, daga wani ƙauye a ƙasar Kazaure. Da ƙafa muka taso. Innata ta rasu a Sudan wajen tsinkar auduga, ya zama daga ni sai shi. Duk ayarin da muka shiga shi ke ɗinke musu salkar ruwa in ta yage. Hannunsa kullum warin bagaruwa. Muka haye teku, muka yi Hajji, ya zauna a Makka yana ɗinka takalma har aka samu guzuri, sannan muka kamo hanyar Madina. A hanyar zazzaɓi ya kama shi. Yana tafiya yana dafa kaina kamar sanda. Ya rasu kusa da wata rijiya, saura kaɗan mu iso. Ruwan ayari bai isa wanka mai kyau ba. Malam Sa'idu da wasu maza suka tona rami da wuƙaƙe da kwanon abinci, suka jera duwatsu. Na roƙi a bar ni a wurin, aka saɓe ni a kafaɗa.

Da muka shigo Madina sai na ga gari ya yi tsit. Mutane na magana ƙasa-ƙasa. A masallaci aka tashi sallar gawa, babu gawa a gaba. Sahu-sahu, har inda idona ya kai. Abba, ni yarinya ce. Na ɗauka labarin Baba ne ya riga mu isowa. Na ce a raina, ashe garin Manzo ya san shi. Na ja zanen Sabuwa matar Malam Sa'idu na ce, "Inna, duk waɗannan salkarsu ya ɗinka?" Ta rufe mini baki da hannu ta ce, "Ke, yi shiru, Sarki ne ya rasu."

Tun daga ranar, in an tambaye ni yaushe ya rasu, sai in ce shekarar Sarki. Da aka zo yin takardar zama ɗan ƙasa, Malam Sa'idu ya sa ni cikin 'ya'yansa. Allah ya saka masa, bai cuce ni ba. Amma da haka sunan ya fita daga takarda. Babanku ya san shi, ya tafi da shi kabari.

Ka ce in rubuto. Na zauna da biro tun bayan azahar, hannun ya ƙi. A gidanmu mace ba ta kama sunan ubanta gatsal, ko a baki ko a takarda ban ga bambanci ba. Amma kai malami ne. Sunan Annabin nan ne da ya zo kafin Annabi Nuhu, wanda Allah ya ɗaukaka zuwa wuri maɗaukaki, wanda malamai ke cewa shi ma ɗinki yake yi. Ka gane.

Zan ba Hajiya Zenabu wasiƙar nan, 'yar Katsina ce da ta zo Umra ta sauka wajen Aishatu. Ta ce bayan Salla za ta tashi, hannu da hannu za ta kawo maka.

Mahaifiyarka

*

Katsina
Shawwal, 1419

Umma,

Assalamu alaikum. Ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Albishir ɗin kin riga kin ji a waya, amma ga shi dalla-dalla. Naƙuda ta zo wa Zulaiha tun lokaci bai yi ba. Sai da aka yi mata aiki. Yaron ƙarami ne amma yana shan nono, ita ma ta fara takawa. Mun ga tashin hankali, Allah ya kiyaye.

Umma, ina so ki fahimce ni. Ana gobe suna na tafi gidan waya na yi layi tun safe har na samu Madina. Na ce ki faɗa mini sunan. Kika ce yana cikin wasiƙa. Na ce ba wasiƙar da ta zo. Kika ce za ta zo. Na ce, "Umma, gobe ne fa, ki faɗa kawai." Na ji numfashinki, na ji Marwa a bayanki tana cewa ki yi magana, sai layi ya yanke. Na sake gwadawa har aka rufe wurin.

Da asuba liman ya zauna, dattawan gidan su Zulaiha sun cika zaure, an yanka rago, ana jirana. Baban Zulaiha ya ce, "Malam Sabiru, kakan naka ba shi da suna ne?" Aka yi dariya. Sai na tuna cewa tun ina yaro, duk lokacin da kika ambaci kakana, suna ɗaya ne ke fitowa daga bakinki tare da shi. Na ce to, wanda suka tafi shekara ɗaya, wanda kullum ake tuna su tare. Na raɗa wa liman.

Sunan jikanki Abdul'aziz. Duk wanda ya tambaye ni dalili, ina ba shi labarin kakana. A wurina shi na yi wa. Ki sa masa albarka.

Ga hotonsa nan. Kowa ya ce goshinki ne.

Ɗanki,
Sabiru

*

Madina
Zulƙida, 1419

Abba,

Na gode wa Allah da ya raba su lafiya. Ka ce wa Zulaiha sannu, kada ta yi saurin wankan jego da ruwa mai zafi kan ɗinkin nan, ta tambayi likita tukuna. Yaron da aka haifa bai cika watanninsa a ciki ba sanyi ne abokin gabarsa, a lulluɓe shi. Hoton yana ƙarƙashin matashina. Goshin ba nawa ba ne, na Baba ne. Ni kaɗai na rage da zan iya faɗa.

Na samu labarin wasiƙata. Hajiya Zenabu ba ta tashi ba. Ta ce tunda Allah ya kawo ta, ba ta komawa sai ta yi Hajji. Tana Makka ta laɓe wajen 'yan'uwanta, wasiƙar tana cikin jakarta tare da turare da zannuwan tsaraba. Aishatu ta yi kuka ta ce laifinta ne. Na ce mata ba ita ta raɗa wa liman ba.

Ka ce na ƙi magana a waya. Marwa na tsaye a kaina, mijin Zahra na zaune a falo da baƙonsa, kai kana ihu daga wata duniya, in faɗa kawai. Na buɗe baki, Allah shaida ne. Rabona da sunan nan tun ranar da na ji maza na faɗinsa a kan ramin. Ba ya fitowa don an ce gobe ne. Marwa ta ce mini, "Ya Umma, suna ne fa, ba aibu ba ne." Ita tana kiran babanta da sunansa a gaban ma'aikata ko ƙiftawa ba ta yi. Na ce mata, "Ke kin taso ubanki na da takarda, ana kiransa ana amsawa."

Ka san abin da ake yi a garin nan tun watan jiya? Bikin shekara ɗari da kafa mulki. Hoton Sarki Abdul'aziz a Sultana, a bakin makaranta, a gilashin mota, har a ledar da Sulaiman ke sa mini magani. Yaran Zahra sun dawo da tuta suna rera sunansa. Ban ƙi ba, ƙasarsa ce, a cikinta na ci na sha na haife ku. Amma mutumin da ke da tituna da makarantu da filin jirgi da jikoki ba adadi, shi ne ya rasa mai suna har sai an ƙara masa da jikana? Sallar da na zaci ta Baba ce ta zama tasa. Shekarar ta zama tasa. Yanzu yaron ma.

Ka ce a wurinka Baba ka yi wa. In an kira yaron, wa zai waiga daga cikin kabari?

Ba a makara ba. Na tambayi malamin masallacin Ƙiblatain ta bakin Sulaiman, ya ce uba na iya sauya wa ɗansa suna, ba laifi, ba sai an sake yanka ba. Yaron bai san sunansa ba tukuna. Wasiƙar za ta iso maka bayan Hajji. Ka karanta, ka gyara.

Wannan ta gidan waya zan aika. Na daina ba wa alhazai.

Mahaifiyarka

*

Katsina
Muharram, 1420

Umma,

Assalamu alaikum. Ina yi miki barka da sabuwar shekara. Abdul'aziz ya yi ƙiba, ya fara dariya. Zulaiha ta warke, tana gaishe ki. Marwa ta ce sukarinki ya hau, ba ki cin abinci. Don Allah ki daina sa abin a ranki.

Hajiya Zenabu ta kawo wasiƙar da kanta, da dabino da ban-haƙuri. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ban taɓa sanin labarin sallar nan ba. Na yi kuka. Sunan kuwa na gane shi tun kafin in kai ƙarshen layi: Idris. Da kalma ɗaya kika ce mini a waya, "kafin Nuhu", da an gama.

Amma maganar sauyawa, Umma, ki yi haƙuri. Na riga na kai takardunsa ofishin jakadancin ƙasarmu ta can da ke Kano, an shigar da shi da sunan nan. Dangin Zulaiha sun saba, kakarsa har kirari take yi masa. In na tashi yanzu na ce na sauya, me zan ce musu?

Kuma zan faɗa miki gaskiya, tunda ke kika koya mini. Yaron nan Madina zai dawo, a can zai yi makaranta, a can zai nemi aiki. Kin manta yadda nake dawowa gida da yagaggiyar riga, don an ce mini Takaruni, baƙin bare, na yi faɗa? Launinsa ba zan iya sauya masa ba. Amma in malami ya buɗe rajista ya ga Abdul'aziz, zai ɗaga kai da wata fuska. Ba da wannan niyya na sa ba. Sai dai da na sa, na ga alherinsa.

In Allah ya kawo wani namiji, na yi miki alkawari. Likita dai ya ce Zulaiha ta huta shekaru kafin ta sake ɗauka, saboda yadda aikin ya kasance. Allah mai iko ne.

Ki yafe mini. Za mu zo da hutun ƙarshen shekara ki gan shi.

Ɗanki,
Sabiru

*

Madina
Safar, 1420

Abba,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi yaro ya yi ƙiba. Kada a fara ba shi kunu da wuri. Ni ina nan. An ƙara mini allura, Marwa ke yi mini da safe. Idona na dama ya fara hazo, Aishatu ta sayo mini biro mai kauri.

Na yafe maka. Uwa ba ta da wani aiki. Alkawarinka kuma ka riƙe abinka, kada ka sa yarinyar mutane ta ɗauki ciki a kan ɗinki saboda ni. Na ga yadda likita ke kallon ƙafata, na san shekarun da kake faɗa ba nawa ba ne.

Rigunanka da aka yaga ban manta ba, ni na ɗinke su. Da allurar wanda kake gudun sunansa na koyi ɗinkin.

Kuma ba ka faɗe shi daidai ba. Abin da ka rubuta na littafi ne. Jiya da hantsi na aiki Marwa kasuwa, na rufe ƙofa, na zauna da takardar nan. Na ce tunda babu yaron da zai ɗauka, gara takarda ta ɗauka, ko da kunyar za ta kashe ni.

Idrisa.

Haka ake kiransa, da jan ƙarshen. Idrisa Baduku. Idrisa na Kazaure. Na rubuta na duba, gini bai faɗo ba, ba wanda ya shigo. Sai na ga ashe guntu ne. Abin da na ɗauka a ƙirji tun ina yarinya bai cika rabin layi ba.

Kai kana ganin so nake in riƙa faɗinsa. A'a. Da ka sa wa yaron, ni ba zan taɓa kiransa da shi ba har in mutu. Da na ce masa Baba, ko Mai-sunan-Baba, in ya yi ɓarna in kasa dukansa. Ji nake so in yi. Ina zaune a ɗaki, in ji Zulaiha daga kicin tana cewa ya zo ya ci abinci. In ji yara a bakin ƙofa suna tambaya ko yana nan. In ji an kira sunan a cikin Madina an amsa, tunda mai shi saura kaɗan ya iso bai iso ba.

Ku zo da hutun. Na sa an gyara ɗakin sama, na saya masa gado da gidan sauro. Zan goya shi in ƙafa ta yarda, zan kai shi Harami, zan tauna masa dabino. Ba ruwansa.

Sunansa kuwa ba zai ba ni wahala ba. Babu abin sakayawa a ciki. Zan kira shi Abdul'aziz, gatsal, da ƙarfi, yadda nake kiran ɗan maƙwabta.

Mahaifiyarka,
Ƙaltume 'yar Idrisa